Ba na shan barasa, amma abokina yana sha a jirginmu: me dokar Texas ta ce, musamman idan muna jan yara a baya?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas. Ni da wani abokin aikina mun haɗa kuɗi mun sayi jirgin ruwa mai inji, tsawonsa ƙafa 19, muna zuwa tafkin Conroe ranakun hutu. Shi da matarsa sukan zo da barasa cikin kula, ni kuwa ba na sha, don haka galibi ni ke tuƙi. Yanzu yara sun matsa sai an riƙa jansu a bayan jirgi a kan tub ɗin iska, babban ɗana mai shekara 14 kuma yana son koyon sulun kan ruwa. Shin laifi ne a sha barasa a jirgi ko da direba bai sha ba? Sannan abokina ya ce tunda akwai madubi ba sai an sa wani ya lura da wanda ake ja ba. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka yi, amma akwai ta uku da ke kwance a tsakaninsu. Ta farko, ko fasinja zai iya shan barasa a jirgi. Ta biyu, ko madubi ya isa a ja mutum. Ta ukun ita ce: ranar da abubuwan biyu suka haɗu, manya sun sha, yaro kuma yana can ƙarshen igiya, wa ya rage a jirgin da hankalinsa yake cikakke ban da kai? Wannan ta ukun ta fi sauran nauyi, kuma ita ce doka ba ta amsa maka kai tsaye ba.

A taƙaice, a Texas babban mutum da ya kai shekara 21 zai iya shan barasa a jirgi in dai fasinja ne. Abokinka kuma bai yi ƙarya ba a kan madubi, doka ta yarda da shi. Sai dai ni ba zan ja yaro da madubi kaɗai ba, kuma zan gaya maka dalili da lissafi.

Barasa a jirgi: abin da aka hana da abin da aka bari

A mota, ko da direba bai ɗanɗana ba, buɗaɗɗen gwangwanin barasa a wurin zaman fasinja laifi ne a Texas. Wannan dokar ba ta bi mutane cikin ruwa ba. Abin da aka hana shi ne tuƙa jirgi cikin maye, wanda suke taƙaitawa da BWI, yana sashe na 49.06 na kundin hukunta laifuffuka na jihar. Ma'anar maye a kundin hanya biyu ce, kuma ko wacce ita kaɗai ta isa a kama mutum. Ɗaya, a sami barasa ta kai 0.08 a jininsa, wato giram 0.08 a kowane mililita 100 na jini. Biyu, a ga cewa hankalinsa ko gaɓoɓinsa ba sa aiki yadda suka saba saboda barasa, ko ƙwaya, ko magani, ko haɗinsu. Mutane sun fi riƙe lambar su manta da hanya ta biyu. Wanda awonsa ya nuna 0.06 amma harshensa ya yi nauyi, ya kasa ajiye jirgi a matsaya, za a iya gurfanar da shi.

Hanya ta biyun nan ta shafe ka kai da ba ka sha. Maganin tari mai kodin, taramol, maganin mura mai sa barci, har da ƙwayar hana jirin ruwa irin su Dramamine, duk suna iya kashe wa mutum jiki. Takardar likita ba kariya ba ce a wannan laifin. Kundin ya faɗi ƙarara cewa samun izinin amfani da magani ba hujja ba ne. Saboda haka duk kwalbar da aka rubuta a jikinta kada a tuƙa mota bayan an sha, to jirgi ma yana ciki.

Hukuncin karon farko tara ce da za ta iya kai dala 2,000 da ɗauri har kwana 180, mafi ƙarancin tsarewa awa 72. Karo na biyu dala 4,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Karo na uku ya zama babban laifi, ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Kuma lissafin haɗe yake da na mota: wanda aka taɓa samu da laifin tuƙin mota cikin maye, in aka kama shi a jirgi, karo na biyu ake ƙirga masa. In wani ya mutu sanadin tuƙin, ɗaurin shekara 2 zuwa 20 ne. Tun 2023 kuma jihar ta ware tuƙa jirgi cikin maye da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a ciki a matsayin babban laifi tun daga karon farko. Ka lura da wannan, domin jirginku cike yake da yara. Minti biyar da za ka miƙa wa abokinka sitiyari don ka je ka warware igiya ya isa ya jefa shi cikin wannan sashe, kuma wannan ita ce hanyar da direban da ba ya sha ya fi faɗawa matsala: ba ya jin ya bar tuƙi, ɗan riƙe masa kawai aka yi.

Akwai wani abu a ma'anar kalmomin kundin da ba kowa ya sani ba. Abin hawan ruwa a wurinsu ya haɗa da jirgi, da allunan sulu da ake sa wa a ƙafa, da makamantansu. Ke nan in abokinka ya sha ya ce a ja shi a kan allunan, shi ma tuƙi yake yi a idon doka, ko da kai ne a kujerar direba. Wanda bai kai shekara 21 ba kuwa babu ruwansa da 0.08, ko ɗigon barasa aka gano a jikinsa yana tuƙa jirgi, laifi ne. Ba wa ɗan wani barasa alhali bai kai 21 ba shi ma laifi ne mai tarar da za ta kai dala 4,000. Fasinja babba kuma, in ya bugu har ya zama haɗari ga kansa ko wasu, ana iya kama shi da laifin maye a bainar jama'a, tara har dala 500. Sannan ƙasar da ke gefen ruwa tana da nata dokokin: a wuraren shaƙatawa mallakar jihar Texas an hana shan barasa a fili, don haka abin da ya halatta a tsakiyar tafki yana iya zama laifi da zarar an sauko da kular bakin gaɓa.

Yadda ake tsayar da jirgi ya bambanta da na mota. Ɗan sanda a titi sai ya ga dalili kafin ya tsayar da kai. A ruwan Texas jami'an hukumar Texas Parks and Wildlife, mai kula da wuraren shaƙatawa da namun daji na jihar, da sauran jami'an da aka ba izinin aikin ruwa suna iya tsayar da kowane jirgi su duba rigunan kariya, abin kashe gobara, usur da takardun rajista ba tare da ka yi komai ba. In kun sauka Galveston, dakarun tsaron gaɓar teku na tarayya suna da irin wannan iko, dokar tarayya ita ma 0.08 ce. Yayin da jami'i yake ƙirga riguna yana kallon idon direba yana shinshina numfashinsa. In ya yi zargi, akwai gwajin da ake yi a zaune cikin jirgi, tunda ba a iya tafiya a kan layi a ruwa: bin alƙalami da ido, taɓa hanci da yatsa, buga tafin hannu ana juyawa ana ƙirgawa, da wani motsin dunƙulallun hannaye bisa tsari. Wanda aka kama ya ƙi ba da numfashi ko jini, in injin jirgin ya kai ƙarfin doki 50, za a dakatar da lasisinsa na mota kwana 180. Jirgi mai ƙafa 19 da ake jan mutane da shi kusan tabbas ya haura haka. Ƙin yarda ma ba ya hana a ɗebi jinin, domin a gundumar Montgomery, inda mafi yawan tafkin Conroe yake, an saba samo sammacin alƙali nan take a ranakun bukukuwa. Makon 4 ga Yuli ya fi tsanani, lokacin ne ake gudanar da samamen kama masu tuƙa jirgi cikin maye, mai suna Operation Dry Water, da aka fara tun 2009 a duk faɗin Amurka.

Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba akwai ƙarin nauyi. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko an taɓa kama ka, ko da daga baya an kori ƙarar. Wannan fannin lauyan shige da fice ne, amma ya isa ka san cewa kamun da aka yi a tafki ba ya tsayawa a tafki.

Fasinjan da ya sha ba ya cikin aminci don direba bai sha ba

Ƙididdigar dakarun tsaron gaɓar teku ta 2023 ta nuna mutum 564 suka mutu a haɗuran jiragen shaƙatawa a Amurka, kuma barasa ce kan gaba cikin sanadin da aka tantance, kashi 17 cikin 100. Kashi 75 cikin 100 na mamatan nutsewa suka yi, cikinsu kashi 87 ba sa sanye da rigar kariya. Wani bincike da aka yi a jihohin Maryland da North Carolina, aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2001, ya gano cewa haɗarin mutuwa ga wanda ya sha kusan ɗaya ne, direba ne ko fasinja. Dalilin a bayyane yake. A mota fasinja yana ɗaure a kujera, ƙofa a rufe. A jirgi yana miƙewa tsaye, yana zama a gefe, yana leƙawa ya wanke hannu, wani ma ya tsaya a baya zai yi fitsari, sai raƙumin ruwan wani jirgi ya ɗaga naku. Yawancinsu ba karo ne ke kashe su ba, faɗawa ce. Barasa tana rikita ruwan cikin kunne da ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa, shi ya sa gwanin iyo ma yakan faɗa ruwa mai duhu ya nufi ƙasa yana zaton fitowa yake.

Ga kuma gajiyar ruwa. Awa uku ko huɗu cikin rana, iska, ƙarar inji, jijjiga da ƙyallin ruwa suna rage wa mutum kuzari ko ruwan sanyi kawai ya sha. Gwangwani biyu a jirgi sun fi gwangwani biyu a falo aiki. Jiki kuma ba ya gaggawa: yana rage kimanin 0.015 ne a awa guda, kusan gwangwani ɗaya mai mililita 355 ke nan. Shayi mai ƙarfi, tsunduma cikin ruwa, cin nama, babu wanda ke ƙara wannan saurin. In abokinka ya ce "ai na wartsake, kawo in karɓe ka", ka ƙirga gwangwanaye ka ƙirga awanni. Kai ma wannan gajiyar tana kama ka, balle in kana azumi a zafin Yuli. Ranar azumi ba ranar jan yara da la'asar ba ce.

Dokar ja: madubi, mai lura, lokaci da riga

Dokar Texas ta ce jirgin da ke jan mutum dole ya kasance da ɗayan biyu: madubin kallon baya da bai gaza inci 4 ba a tsaye da kwance, an ɗaure shi da kyau yadda direba zai riƙa ganin bayan jirgi a kowane lokaci, ko kuma wani mutum ban da direba, ɗan shekara 13 ko fiye, yana kallon wanda ake ja. Kallo ake nufi, ba zama kawai ba. Wanda ya juya baya yana danna waya bai cika sharaɗin ba, kuma jami'in da ke hango ku daga nesa abin da yake dubawa ke nan: ina fuskar fasinjan take.

Ɗanka mai shekara 14 ya isa ya zama mai lura idan ƙannensa ne a kan tub. To idan shi ne a ruwa fa? Manyan da suka rage sun sha. A takarda madubi ya fitar da kai. A aikace kai kaɗai kake aikin mutum biyu. Ga lissafin: jirgin da ke gudun mil 20 a awa yana cin ƙafa 29 a kowace daƙiƙa. In ka ɗauke ido daga gaba na daƙiƙa uku, ka yi tafiyar ƙafa 88 a makance, fiye da tsawon igiyar gaba ɗaya. In kuma ka tsare gaba kamar yadda ya kamata, yaro zai iya faɗuwa ka yi daƙiƙa goma ba ka sani ba, ka bar shi kusan ƙafa 300 a baya, kansa kaɗai ke sama kamar ƙwarya, a tafkin da ranar Asabar baburan ruwa ke ratsawa ta ko'ina. Madubi ma yana da makafin wurare: da zarar tub ya fita gefe a kwana, ya bar cikinsa.

Lokaci kuwa, an hana ja daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta. Wannan mai sauƙi ne a gare ka, tunda lokacin Magariba yana wayarka: a farkon Yuli rana tana faɗuwa a yankin Houston wajen 8:25, ke nan zuwa 8:55 komai ya ƙare. Fitilun jirgi tun faɗuwar rana ake kunna su. Ni nakan shawarci mutane su naɗe igiya kafin rana ta faɗi, saboda rabin awan nan da doka ta bari shi ne lokacin da ruwa ke yin duhu, jirage kuma duk sun nufo matsaya a tare, da yawansu direbobin sun wuni suna sha. Babur ɗin ruwa dokarsa ta fi tsauri: ba a hawansa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma duk wanda ke kansa ko ake ja da shi dole ya sa riga.

Rigar kariya: dole a sami ɗaya ga kowane mutum, daidai jikinsa, mai hatimin amincewar dakarun tsaron gaɓar teku, kuma wanda ake ja ana ƙirga shi cikin mutanen jirgi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 13 dole ya kasance sanye da ita duk lokacin da jirgi mai ƙasa da ƙafa 26 yake tafiya. Tunda naku ya wuce ƙafa 16, sai kun ƙara da abin cilla wa wanda ya faɗa ruwa, matashi ko zobe. Riga mai hura kanta da iska ba ta ja ba ce. Ba a amince da ita ga ɗan ƙasa da shekara 16 ba, kuma bugun ruwa yana iya sumar da mutum kafin ya ja zarenta. Ka sayi mai soso, mai maɗauri uku ko huɗu. Gwajinta: ka ɗaure wa yaro, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura haɓarsa ko kunnensa, ta yi masa yawa, faɗuwar farko za ta zame ta kansa. Ka duba kuma farantin da ke kusa da sitiyari, wanda ke nuna adadin mutane da nauyin da jirgin zai ɗauka. Yara uku a kan tub suna cikin wannan adadin, don in iska ta taso dole su shigo.

Saura abu biyu da jami'ai ke tambaya. Igiyar kashe inji, jar igiyar nan mai murɗe da ake maƙala wa a riga ko wuyan hannu: tun 1 ga Satumba 2019 Texas ta wajabta wa direban jirgi mai ƙasa da ƙafa 26 ya maƙala ta in yana gudu, tarayya ma ta bi sahu a Afrilun 2021. In direba ya faɗi, inji ya mutu nan take, maimakon jirgi ya riƙa zagaye yana dawowa kan mutanen da ke ruwa. Na biyu katin shaidar koyon tuƙin jirgi: wanda aka haifa daga 1 ga Satumba 1993 zuwa yau sai da shi zai tuƙa inji mai fiye da ƙarfin doki 15. Ɗanka ya isa ya yi kwas ɗin a intanet, kuma zai amfane ku, domin ya zama kuna da direba na biyu da bai sha komai ba.

Yadda ake ja ba tare da an ji ciwo ba

Igiyar sulu da ta tub ba ɗaya ba ce. Ta sulu ƙafa 75 ce, da mariƙi. Ta tub takan kasance ƙafa 50 zuwa 65, kuma ana sayar da ita bisa yawan mahaya: ta mutum ɗaya tana jure nauyin fam 1,500, ta biyu 2,375, ta uku 3,350, ta huɗu 4,100. Tub in ya nutsa hancinsa cikin ruwa yana ja kamar an ɗaure jirgi a kututture, igiyar da ba ta kai ba sai ta tsinke ta dawo cikin jirgi kamar bulala, fuskar mai lura take fara samu. Igiyar da rana ta ci har ta yi kaushi, ko mai ƙulli a tsakiya, a jefar da ita. Ƙulli yana rage mata ƙarfi sosai. A ɗaura ta a zoben ja da ke tsakiyar bayan jirgi. In injin na waje ne, a yi amfani da igiya mai reshe biyu da ake maƙalawa a zobba biyun baya, mai ɗan balan-balan da ke hana ta nutsewa ta naɗe farfela. Kada a ɗaura tub a ƙugiyar ɗaure jirgi ta gefe ko a dogon ƙarfen sama, masu ƙera jiragen da kansu suna gargaɗi a kai. Tub kuma a hura shi ya yi tauri. Mai laushi shi ke nutsewa.

Gudu: masu ƙera tub suna rubuta mil 15 a awa ga yara, 20 ga manya, kuma ƙananan yara mil 8 zuwa 10 ya ishe su dariya. Abin da sabon direba ba ya ganewa shi ne, a kwana tub yana zagaya da'ira mafi faɗi fiye da jirgi, saboda haka gudunsa yana iya kusan ninka na jirgin. Mai sulu yana iya karkata ko ya saki mariƙi. Na kan tub ba shi da sitiyari ba shi da birki, inda ka wurga shi nan zai je. Ka bar tazarar aƙalla ninki biyu na tsawon igiya tsakaninka da gaɓa, matsaya, ginshiƙin gada da jiragen da ke tsaye. Yara biyu a tub ɗaya, raunin da aka fi samu karon kai da kai ne, ko gwiwar babba a fuskar ƙarami, don haka a haɗa masu kusan nauyi ɗaya. A Conroe ka tsaya a buɗaɗɗen ruwa. Arewacin tafkin, bayan gadar titin 1097, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Zurfin da bai kai ƙafa 5 ko 6 ba ba wurin faɗuwa ba ne.

Kafin kowa ya shiga ruwa a yi bitar alamun hannu, yaro da mai lura su maimaita. Babban yatsa sama, ƙara gudu. Ƙasa, rage. Hannu a wuya kamar yanka, kashe inji. Dafa kai, a koma gaɓa. Bayan faɗuwa, haɗa hannaye biyu a saman kai yana nufin lafiya lau. In mai lura bai ga wannan alamar ba, a ɗauka an ji ciwo. Mai sulu da ya faɗi ya ɗaga allo ɗaya tsaye don sauran jirage su hango shi. A tashi, ka sa giya ka tafi a hankali har igiya ta miƙe, ka jira yaro ya ce a tafi, sannan ka ba da wuta a jere ba fizga ba. Ga ɗanka mai koyo: gwiwoyi a ƙirji, hannaye a miƙe, kan allunan a waje da ruwa, igiya a tsakaninsu, ya bar jirgi ya ɗaga shi. Masu koyo suna faɗuwa ne don suna gaggawar miƙewa ko suna jan mariƙi zuwa ƙirji. Mil 16 zuwa 20 ya ishi mai shekarunsa a kan alluna biyu. Kuma kada ya taɓa naɗa igiya a hannu ko ya zura hannu cikin mariƙi.

Ɗauko wanda ya faɗi shi ne wuri mafi haɗari a duk wasan, don a nan ne mutum da farfela suke kusantar juna. Mai lura ya yi ihu ya nuna shi da hannu, kada ya sauke hannun. Kai kuma ka sauke wuta tukuna, ka duba gefe, sannan ka juya a hankali. Juyawa da gudu tana tura raƙuman ruwa kan yaron. Ka tunkare shi kana fuskantar iska, yana ɓangarenka na dama inda kujerar direba take, don kada jikin jirgi ya ɓoye maka shi. Kafin ya matso, kashe inji gaba ɗaya. Firi bai isa ba: farfela tana iya ci gaba da juyawa, kuma gwiwar fasinjan da ke tangaɗi tana iya ture hannun giya. Kada ka taɓa yin ribas wajen wanda ke ruwa. Kafin ka sake tayarwa, ƙirga kawuna, ka leƙa baya da idonka, ka tabbata an janye tsani da igiya. Kada kuma a bar yara su rataye a dandamalin baya inji yana aiki. Hayaƙin da ke taruwa a wurin shi ne irin na janareta da ke kashe iyali a ɗaki a gida Najeriya, ba shi da wari, yaro sai dai ya saki hannu ya nutse shiru. California ta haramta wannan ratayen da doka tun 2005.

In kun fita daga Texas

Kowace jiha da nata. A California madubi ba ya maye gurbin mutum: dole mai lura ɗan shekara 12 ko fiye, da tuta ja ko ruwan lemo mai inci 12 da ake ɗagawa duk lokacin da mutum ko igiya ke cikin ruwa, kuma ja yana tsayawa da faɗuwar rana cif. Florida ta yarda da madubi mai faɗin gani, amma ta wajabta wa duk wanda ake ja sa riga. Utah ta sauke iyakar barasa zuwa 0.05 tun ƙarshen 2018. A lardin Ontario na Kanada fasinja ma ba ya sha sai jirgin yana da wurin kwana, wurin girki da banɗaki na dindindin, kuma yana tsaye a anga ko a matsaya. Tafkunan kan iyaka, kamar Texoma tsakaninku da Oklahoma ko Toledo Bend tsakaninku da Louisiana, sai ka karanta dokar ɓangarorin biyu kafin ka je. Ko a cikin Texas hukumar da ke kula da tafki tana iya ƙara nata sharuɗɗan. Na Conroe yana hannun hukumar kogin San Jacinto. Majalisar jihar kuma tana zama duk bayan shekara biyu, sababbin dokoki galibi 1 ga Satumba suke fara aiki, saboda haka ka duba littafin dokokin ruwa na Texas Parks and Wildlife na shekarar da kake ciki. Wannan bayani ne na mai aikin jirgi, ba na lauya ba. In har an kai ga kamu ko rauni, lauya za ka nema kafin ka yi wa kowa dogon bayani.

Maganar abokinka kuwa, tunda jirgin na ku biyu ne, ba za ka iya kafa masa doka kai kaɗai ba, kuma hukuncin zama inda ake sha ta fuskar addini na malamai ne. Ta fuskar jirgi, tsarin da na ga yana aiki shi ne raba yini biyu. A yi ja da safe, daga ƙarfe 8 zuwa 11, lokacin ruwa a kwance yake, jirage ba su yi yawa ba, kula kuma a rufe. Abokinka ko matarsa su yi aikin lura da idonsu garau. Da an buɗe gwangwanin farko, igiya ta shiga akwati ba ta sake fitowa ranar, makulli kuma yana aljihunka har a koma gaɓa, har da motar da za ta ja tirelar jirgin zuwa Houston. Ku yi wannan maganar a gida tun kafin ranar, ba a tsakiyar tafki yara suna roƙon zagaye ɗaya na ƙarshe ba. Ku kuma buɗe takardar inshorarku ku duba abu biyu: ko sunayenku duka suna ciki a matsayin masu tuƙi, da ko ta ɗauki nauyin raunin wanda ake ja, domin wasu kamfanonin sai an biya ƙari suke sa wannan.